Kusu a Hannun Hagu

Duk wanda ya yi biki ko suna a unguwar Aboabo ta Tamale cikin 'yan shekarun nan, da wuya a ce bai bi ta shagon Ashetu ba. Ɗan shago ne da aka yanka daga jikin wani gida, ƙofarsa tana kallon titin da masu babur suke gudu a kai kamar an biyo su. A ciki akwai kwamfuta ɗaya, da injin buga kati, da fanka mai kuka, da bencin masu jira. Katin aure, sitikar suna, kalandar ƙungiyar mata, hoton amaryar da aka share wa ƙuraje har angonta ya kasa gane ta, duka daga hannun Ashetu suke fitowa. Da na ce hannu, na dama nake nufi, kuma shi ne ya yi mata tutsu.

Ciwon ya soma kamar wasa, ɗan zugi a wuyan hannu idan yamma ta yi. Ta shafa man kaɗe, ta shafa man zafi, ta ɗaure da ƙyalle. Sai ya hau zuwa gwiwar hannu. Wata safiya kofin shayi ya suɓuce mata, wata rana kuma ta hau babur ɗinta ta kasa murɗa totur. A ce mace a Tamale ta kasa murɗa totur, ai abin ya kai inda ya kai. Ta jingine babur, ta tare yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, ta tafi asibiti.

Likitar ta lallatsa hannun, ta tambayi sana'arta, sannan ta ce jijiya ce ta kumbura saboda abin da take riƙewa tun safe har magariba.

"Ki hutar da shi na wasu watanni," in ji likitar. "In kika ci gaba a haka, sai an kai ga yi masa aiki, kuma ba lalle ya koma kamar da ba."

Ashetu ta yi godiya ta fito, ranta a jagule. Hutu? Likitoci akwai daɗin baki, suna faɗin hutu kamar a kasuwa ake auno shi. Shagon nan shi ne tukunyar gidanta, shi ne makarantar 'ya'yanta, kuma da guminta ta kafa shi tun tana buga wa mutane takardu a gefen wani kanti. In ta rufe shi na watanni, masu kawo mata aiki za su gangara wurin samarin Tishigu masu kwamfuta, kuma wanda ya gangara ba ya dawowa. Tsoro ya kama ta sosai, ba ta kuma gaya wa kowa abin da likita ta ce ba.

Mai laifin yana nan kwance a kan teburinta. A littafi linzamin kwamfuta ake ce masa, mu a Aboabo maus muke cewa mu huta. Nata ɗan shafaffen abu ne kamar sabulun da ya kusa ƙarewa, gyara aka ba ta shi ranar da ta sayi kwamfutar. Ba ya cika tafin hannu, sai mutum ya tsuke yatsu ya karya wuyan hannu kafin ya riƙe shi. Shekara da shekaru tana fama da shi, bai taɓa faɗo mata a rai ba cewa ana zaɓen maus kamar yadda ake zaɓen takalmi.

Ana cikin haka sai ga Gwaggo Maltiti daga Choggu. Yayar mahaifin Ashetu ce, gajeriyar tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda bakinta ya fi ƙafarta sauri. Ita ta riƙi Ashetu da ƙanenta Nashiru tun da mahaifinsu ya rasu suna ƙanana, shi ya sa har gobe Ashetu ba ta kiranta da komai sai Mpiriba, yadda Dagomba suke kiran gwaggo.

Kuma ita ce ta gyara wa Ashetu hannu, in dai gyara ne sunansa. Da hagu aka haifi Ashetu. Da hagu ta fara kai tuwo baki, da hagu ta fara miƙa wa baƙo ruwa. A garin nan kuwa ba a ci da hagu, ba a bayarwa da hagu, ba a karɓa da hagu, nuna babba da shi kuwa zagi ne tsagwaronsa. In ya zama dole, sai mutum ya haɗa da ban haƙuri, ya ce "sori fo lef", wato a yi haƙuri da hagu. Gwaggo ba ta tsaya ban haƙuri ba. Ɗankwali ta samu tana ɗaure hannun yarinyar ta baya duk lokacin cin abinci, in ya ƙwace ya kai kan kwano kuma ludayi ya sauka a kansa. Kafin Ashetu ta shiga makaranta hagun ya koyi zaman lafiya, ya koma ɗan rakiyar dama.

Ranar nan Gwaggo ta shigo da fara'a, don matar Nashiru ta haifi namiji, kuma an yanke za a sa masa Mutari, sunan kakansa. Ta zauna a benci, ta kwance wani ƙunshi a hankali, ta fito da hoto.

"Ga ubanku," ta ce. "Shi kenan hotonsa a duniya. Ina so ki mayar min da shi babba, a sa a gilashi, a rataye ranar suna, jariri ya ga wanda ya ci sunansa."

Hoton baƙi da fari ne, ya sha ajiya a ƙasan akwati. Gara ta ci gefe ɗaya, ruwa ya taɓa sama ya bar wani baƙin tabo a bayan kan mutumin, ga tsaga ta ratsa ƙirjinsa. Mutari tela yana tsaye a ƙofar rumfarsa cikin batakari, rigar saƙin nan ta Dagomba, almakashi a hannunsa na dama, yana wani murmushi kamar wanda ya san abin da mai hoto bai sani ba.

Gwaggo ta kalli ƙyallen da ke wuyan hannun Ashetu. "In hannunki ba zai iya ba, ki faɗa min tun yanzu. Nashiru ya ce akwai yara a Tishigu."

Maganar ta soki Ashetu. Hoton mahaifinta a hannun yaran Tishigu, waɗanda suke shafe fuskar mutum har ta koma ta roba? "Zan yi, Mpiriba," ta ce. "Ki bar shi."

Bayan tsohuwar ta tafi, ta sa hoton a sikana, ta buɗe shi a sikirin, ta kama aiki. Irin wannan gyara na haƙuri ne, ɗigo bayan ɗigo, hannu ba ya rawa. Nata kuwa rawa yake kamar na mai zazzaɓi. Ta je share wani ɗan tabo kusa da hanci, zugi ya fizge ta, ta share wa mahaifinta ido ɗaya gaba ɗaya. Ta danna ya dawo, ta sake gwadawa, ta sake ɓatawa. A nan ta janye kujera, ta kifa kai a tebur ta yi kuka, don ta gane cewa in hoton nan ya fi ƙarfinta, to shagon ma ya fi ƙarfinta.

Washegari da hantsi ta jefa tsohon maus ɗin a jaka ta nufi shagon Kwamena, kusa da babbar kasuwa. Kwamena mutumin kudu ne, daga bakin teku, mai sayar da kayan kwamfuta. A kasuwa ya tsinci Hausarsa, kuma a wurinsa duk ɗan Adam "kai" ne, ko da mace ce mai goyo.

"Madam Ashetu! Dasiba," ya yi mata ina kwana da harshen Dagomba. "Ka zo da wuri yau."

"Naa," ta amsa gaisuwar. "Kwamena, abin nan zai kashe ni." Ta ajiye maus ɗin a kan gilashin kanta, ta nuna masa hannun.

Ya ɗaga shi da yatsu biyu kamar ya tsinci mushen ƙadangare. "Ei! Da wannan ka ke aiki? Wannan na yara ne, na sa a aljihu. Zauna, zauna."

Ya buɗe laftof ɗinsa, ya jere mata maus kala-kala, ya ce kada ta kalli kyau, hannu ne zai zaɓa. Ta ɗora tafinta a kan kowanne, in ya bar rami a ƙarƙashin tafin, ya yi ƙarami. In sai ta miƙe yatsa kafin ta kai madanni, ya yi girma. Akwai wani mai fitilu ja da kore kamar motar amarya, ya ce na masu wasan gem ne, ta ture shi. Akwai wani mai tsaye, wanda ake riƙewa kamar ana gaisawa da mutum, ya ce an yi shi musamman don masu ciwon wuyan hannu. Ta sa rai da wannan ƙwarai. Ta riƙe, ta ji sauƙi, har ta fara murmushi. Sai ya buɗe mata wurin zane ya ce ta zana da'ira. Ba ta kai rabi ba zugin ya taso daga wuyan hannu ya nufi kafaɗa, da'irar ta fito kamar ƙwaryar da aka zauna a kai.

"Wannan ne mafi kyau a shago na," in ji Kwamena a hankali. "In wannan bai yi ba, Madam, ba maus ba ne, hannu ne. Hannu na son hutu."

Ashetu ta ji idonta ya kawo ruwa. Ta miƙe da sauri don kada ya gani, gefen hijabinta ya shafo wani baƙin maus da ke bakin kanta, ya zame ya yi ƙasa. Bai kai ƙasa ba. Hannunta na hagu ya cafe shi a iska, caraf, tun kafin ita kanta ta san ya faɗi.

Ta miƙa masa a kunyace. "Sori fo lef."

Kwamena bai karɓa ba. Ya kalli hannun, ya kalle ta, ya washe baki. "Madam, kai bahago ne?"

"Da can. Tun ina yarinya aka raba mu."

"Aka raba ku? Ga shi nan a jikin ka! Ka na da hannu sabo fil a gida, ka zo nan ka na wahala da tsoho."

Ya kwashe masu lanƙwasa ya mayar cikin kwali, ya ce duk waɗannan don dama aka ƙera su, in hagu ya hau sai babban yatsa ya rasa wurin zama. Ya fito da waɗanda gefensu biyu iri ɗaya ne. Ya shiga cikin laftof ya juya madannai, yadda manuniyar hagu za ta yi aikin da ta dama take yi. Sannan ya matsar da komai zuwa ɗaya gefen.

Ashetu ta waiga ƙofa tukuna, sai ka ce sata za ta yi. Ta ɗora hannun. Da farko kibiyar ta yi ta yawo a sikirin, in Ashetu ta ce gabas, sai ta tafi yamma. Ta ciji leɓe ta sake. Can sai ta ji wani abu ya saki a kafaɗarta. Hannun ya daina jiran umarni, ya kama hanya da kansa. Da'irar da ta zana ta fito zagayayya kamar bakin kofi. Ta zana wata a cikinta, ta zana ganye, ta rubuta sunanta da wani lanƙwasasshen rubutu da ba ta taɓa sanin tana da shi ba. Daɗi ya cika ta har ta yi dariya ita kaɗai, irin dariyar da rabonta da ita tun kafin ciwon.

Daga nan zaɓe ya zama nata. Ta ce wannan ya yi nauyi. Ta ce wancan ƙarar dannawarsa za ta hana mai jira gyangyaɗi. Wani kuma 'yar tayarsa tana gurzar yatsa. A ƙarshe ta koma kan baƙin nan da ta cafe. Yana da ɗan tozo da ya cika tafinta daidai, yatsunta sun kwanta a kai ba tsukewa, dannawarsa kuma laushi, ko sauro bai ji.

Sai murnar ta ɗan dusashe. "Amma Kwamena, mutane kusa da ni suke zama. Kibiyar nan ai yatsa ce. A ce wani Alhaji ya kawo hoton mahaifiyarsa, in nuna fuskarta da hagu a gabansa?"

"Kwastoma na kallon hoto, ba ya kallon hannu."

"Ba ka san Aboabo ba."

"Na sani. Wurin mu ma haka ne, kaka na ya taɓa fasa min kai a kan lef. Amma in hannu ya mutu, Alhaji ba zai ba ka nashi ba."

Ta jujjuya maus ɗin a hannu. Sai ta lura ba shi da waya, batir ne a cikinsa. Ta tambaya ko yana aiki daga ƙarƙashin tebur. Ya ce ko daga bakin ƙofa. Ta biya, ta sa shi a jaka, ta fito da wata dabara a ranta.

Dabarar ita ce wannan, kuma ni dai ban ga wadda ta fi ta ban dariya ba. Ta sa 'yar kujerar tsugunno a ƙarƙashin tebur ta gefen hagu, ta ɗora sabon maus a kai, ta saki hijabi ya rufe. A saman tebur kuma ta bar tsohon, bayan ta zare wayarsa daga kwamfuta, ta ɗora hannun dama a kai yana hutawa kamar sarki. Mai kallo sai ya rantse dama ce take aiki. Haka ta yi wa wata mata katin aure, ta yi wa wani mai shayi sitika, ba wanda ya ce uffan. Da an watse sai ta buɗe hoton mahaifinta. Ta ɗinke tsagar ƙirji, ta mayar da gefen da gara ta ci, ta fito da layukan batakarin ɗaya bayan ɗaya. Zugin dama ya fara lafawa. Sai dai sunkuyon da take yi ya sa bayanta ya karɓi ciwon, kuma duk wanda ya leƙo gabanta faɗuwa yake yi.

Ana gobe suna, bayan azahar, Gwaggo Maltiti ta zo ganin aiki. Ta ja benci har gwiwarta tana gogar ta Ashetu, ta ƙura wa sikirin ido. Saura baƙin tabon nan na bayan kai kawai.

"Kin yi ƙoƙari," ta ce. "Ko da yake hoton nan tun asali bai taɓa yi min kama da shi sosai ba. Ci gaba, ina kallo."

Ashetu ta ci gaba. Zafi ake yi, fanka tana kuka ba ta ba da iska. Gumi ya gangaro mata a goshi zai shiga ido, ita kuwa hankalinta ya nutse a cikin tabon. Ta ɗaga hannun dama ta share goshi. Kibiyar ta ci gaba da tafiya abinta a sikirin, tana goge tabo.

"Innalillahi!" Gwaggo ta zabura har benci ya yi ƙara. Ita ba ta cewa maus, kusu take cewa, don ta ce ba za ta kira ɓera da sunan Turawa ba. "Kin saki kusun, abu yana tafiya! Wa yake tuƙa shi? Ashetu, me kika ajiye a shagon nan?"

Ashetu za ta iya cewa kwamfuta ce take yi da kanta, tsohuwar kuma za ta yarda, ta tofa addu'a a wuce wurin. Ta kalli fuskar mahaifinta a sikirin, ta ji ta gaji. Ta gaji da sunkuyo, ta gaji da faɗuwar gaba a cikin shagon da ita ta kafa. Ta janye hijabi, ta ɗauko baƙin maus ɗin da hannun hagu, ta ajiye shi a kan tebur a fili. Tsohon kuma ta ture shi gefe.

"Ni nake tuƙa shi, Mpiriba. Da wannan."

Gwaggo ta kalli kusu marar wutsiya, ta kalli hannun da ke kansa, fuskarta ta haɗe. "Hagu? Fuskar ubanki kike shafawa da hagu? Duk wahalar da na sha a kanki ta tashi a banza kenan?"

"Hannun dama ya gaji. Likita ta ce in ban bar shi ba sai an yanka. Ko in yi da wannan, ko in rufe shago. Duk abin da kika yaba yanzu, shi ya yi."

"Ba ni hotona. Gara yaran Tishigu."

"Ga shi can cikin ambulan, ba abin da ya same shi. Amma ki bari in ƙarasa wannan tabon, in kin gani bai yi ba, ki tafi da shi."

Gwaggo ta tsaya a tsaye, ambulan a hannu, ba ta zauna ba, ba ta kuma fita ba. Ashetu ta gyara zama, ta miƙe bayanta, ta kama aiki. Yanzu da hannun ya samu fili sai ya ƙara sauri. Tabon ya riƙa ɗagewa kaɗan-kaɗan, abin da ke ƙarƙashinsa yana fitowa. Ashe allon rumfa ne, da rubutun fenti a jiki. Ta ƙara girman wurin, ta fito da haruffan, sai ta tsaya.

Rubutun a juye yake. MUTARI TELA ne, amma daga dama ya taso, kowane harafi ya ba da baya, kamar an karanta shi a madubi.

"Mpiriba, billen Baba a wane kunci yake?"

"Wace irin tambaya ce wannan? A hagu mana."

"A nan a dama yake."

Ta danna wuri ɗaya. Hoton gaba ɗaya ya juya. Rubutun allo ya miƙe, bille ya koma kuncin hagu, murmushin ya karkata ta inda ya saba karkata. Almakashin kuma ya koma hannun hagu.

Ambulan ya faɗi daga hannun Gwaggo. Ta lalubi benci ta zauna. Ta ƙura wa hoton ido.

"Mutari," ta ce can. "Wannan ne Mutari."

"Mai hoto ne ya kifa fim ɗin lokacin wankewa," in ji Ashetu. "Da gangan ko da kuskure, ban sani ba."

"Da gangan ne!" Gwaggo ta buga cinya, sai ga dariya ta ƙwace mata, hawaye suna bin ta a baya. "Ina wurin aka fara rigimar. Babanmu ya ce ba za a ɗauki ɗansa da almakashi a hagu ba, duniya ta gani. Mai hoto ya ce ya mayar dama, Mutari ya ce da hagu yake neman abincinsa, a hagu za a ɗauke shi. Aka kira ni tukunya tana ƙonewa, na tafi. Da hoto ya fito muka ga almakashi a dama, muka ce to, yau dai Mutari ya ji magana. Ashe bai ji ba! Ja'irin, ashe dariya yake yi mana duk shekarun nan."

Ashetu ta juyo gaba ɗaya. "Baba bahago ne? Ba ki taɓa gaya min ba."

"In gaya miki ki samu hujja?" Ta share ido da bakin mayafi. "Ya sha baki a garin nan. Akwai waɗanda suka ce ba za su sa rigar da hagu ya yanka ba, sai su aiko da yadi a ɓoye, don ba wanda ya kai shi iya ɗinkin wuyan batakari. Shi namiji ne, ya toshe kunne. Ke kuwa mace, marainiya, na ce ba za a yi miki abin da aka yi masa ba."

Ashetu ta sake kallon almakashin a hannun mahaifinta. Ta daɗe tana zaton hagun nan aibi ne da ta zo da shi ita kaɗai, yau ta ga gado ne. Farin ciki ya cika ta. Ta ƙarasa gefen allon, ta daidaita haske, ta tura hoton zuwa injin bugawa. Gwaggo tana zaune tana bin kibiyar da ido, ba ta ƙara cewa komai a kan hannu ba, sai dai sau ɗaya ta ce a ƙara wa gemun baƙi, don bai yi furfura ba ya rasu.

Ranar suna gidan Nashiru a Choggu ya cika. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, babura sun toshe lungu. Ashetu ta iso da hoton a cikin gilashi, a nannaɗe da zane. Ta ratsa mata har inda Gwaggo take zaune da jariri a cinya, tsofaffin dangi sun kewaye ta. Ta durƙusa, ta kwance zanen, ta tallafi hoton da hannun dama, ɗaurarren nan, tana cije wa zugi, ta miƙa.

Gwaggo ba ta karɓa ba.

"Ba da wannan ba," ta ce, da ƙarfin da har na bakin ƙofa suka ji. "Miƙo min da wanda ya yi aikin."

Mata suka juyo. Wata tsohuwa ta kama baki. Ashetu ta mayar da hoton hannun hagu, ta ɗaga shi. Tsohon sabo ya taso mata, leɓenta ya fara, "Sori fo..."

"Kul," in ji Gwaggo. "Uban wa kika yi wa laifi?"

Ta karɓa, ta juya hoton ga jama'a, ta sunkuyar da shi kusa da fuskar jaririn. "Mutari, ga Mutari. Ku kuma ku buɗe ido ku duba hannun da almakashi yake. Ɗiyarsa ce ta fito da shi, da irin hannunsa."

Wata ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Hoton ya riƙa yawo daga cinya zuwa cinya, tsofaffin da suka san shi suna cewa wallahi shi ne, har billen. Kafin a raba goro mata biyu sun ce suna da tsofaffin hotuna a ƙasan akwati, za su kawo Aboabo.

Da ta buɗe shago washegari, Ashetu ta fitar da 'yar kujerar tsugunnon daga ƙarƙashin tebur ta ba mai kokon da ke gefenta. Ta matsar da bencin masu jira, ta share gefen hagu na teburin, ta ajiye baƙin maus ɗin a inda duk wanda ya shigo zai fara gani. Wani Alhaji ya yi sallama da hoton mahaifiyarsa a hannu, ta ce ya shigo ya zauna.